Zaren Buhu a Cikin Karfasa

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, ku 'ya'yana, kuma ban ce kun yi ƙarya ba. Kuna cewa ni na kunyata mahaifinku a zauren Sarkin Ruwa, ni na hana shi sarautar da ta riga ta zo bakin ƙofarsa. Ni ce, ban musa ba. Sai dai kun ɗauko labarin daga tsakiya, kowa da guntun da ya tsinta a bakin mutanen gari, ba wanda ya taɓa zama ya ce, Inna, yaya aka yi. To tunda ajin manya da na shiga da furfurata ya koya mini riƙe biro, zan rubuta muku shi da hannuna. Wanda ya gama karantawa ya ga har yanzu ni ce mai laifi, bismillah, amma ya zarge ni a kan laifin da na yi na gaskiya.

Mahaifinku ba gadon su ya yi ba. Gonar ubansa tana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Tiga har gobe, kuma da ruwa ya cinye ta sai ya bi ruwan, don ba shi da wani wurin zuwa. Masuntan gado ba su taɓa barinsa ya manta ba. Manomin da ya faɗa ruwa, haka suke kiransa, ana dariya, shi ma yana tayawa, amma in ya shigo gida ni nake ganin fuskarsa. Da gura yake kamu, wannan tarkon da ake lanƙwasa sanduna a lulluɓe da raga, a bar wa kifi ƙofar shiga babu ta fita. Gura kuwa ba ta kamu sai da abinci a ciki. A da dusa muke kwaɓawa, mu dunƙula, mu gasa a bakin murhu har ta yi tauri. Aikin mata ne, kuma rabinsa wahalar banza, domin kafin azahar ruwa ya narkar da ita. Ni kuma bayan wannan ina banda, ina farke kifi tun hantsi, ina kai wa masu saye a bakin titi.

Wata rana Malam, wato mahaifinku, ya biyo ta gonakin 'yan noman rani, ya tsinto tsofaffin buhunan taki da aka watsar, irin na robar nan da ake saƙawa da zare fari da shuɗi. Ya yayyanka su, ya ƙulle dusa a ciki, ya jefa a gura. Dusar ta riƙa fitowa kaɗan-kaɗan ta ramukan saƙar, kwana uku ba ta ƙare ba, kifi kuma yana ta tsattsagar buhun yana neman na ciki. Daga nan ya ƙara wayo. Sai ya cika buhu guda, ya ɗaura masa dutse, ya nutsar a inda yake so kifi ya saba, ya kewaye wurin da gura. Ya ce tsohon buhu da rana ta ci ya fi sabo, don ya fi saki. Wallahi kifin da ya shigo gidanmu a shekarun nan, ban taɓa ganin irinsa ba. Waɗanda suke masa dariya suka dawo suna tsugunawa a zaurensa, har daga Bagauda aka zo koyo. Aka sa wa abin suna ƙullin Malam. Mu mata muka huta da gashin dusa, muka yi ta sa masa albarka. Buhun da ya ƙare kuwa ba mai ɗaukowa, a bar shi can a ƙasan ruwa a jefa sabo. Ba wanda ya ga aibun haka, har da ni.

A haka aka yi shekaru, har Sarkin Ruwa ya tsufa, ya faɗa a gaban dattawa cewa bayan babbar salla zai kai sunan Malam wurin hakimi a matsayin wanda zai gaje shi. Ku tuna, mutumin da ba gadonsa ba. Ranar da ya shigo da labarin, hularsa ma a karkace take don murna.

A bazarar shekarar ne na fara gani. Ina farke wata karfasa, sai na ga wani abu a hanjinta kamar gashi. Na ɗauka gansakuka ce, na ja da farce, ta ƙi tsinkewa. Na ɗauraye, sai ga zare shuɗi, ga fari, a cukurkuɗe. Na ɗora a kan garwashi, ya nannaɗe ya narke, warin leda ya bugi hancina. Ni na san wannan zaren, ni nake taya shi yanka buhunan. Na farke ta biyu, akwai. Ta uku babu. Ta huɗu akwai. Da na faɗa wa Malam da la'asar, a hankali, ina ɗan dariya don kada abin ya yi nauyi, sai ya ce wa yake cin hanjin karfasa, ai zubarwa ake yi. Amma shi da ni mun san ba duka ake zubarwa ba. Ƙananan kifi, kawara da 'yan karfasa, ba a farke su. Yadda suke nake shanyawa, in daka, in tankaɗe, ya zama garin kifi. Wannan garin shi ne sunana a gari. Duk mai goyon da za ta yaye ɗa, wurina take zuwa ta saya ta zuba masa a kunu ko fate.

Me na yi? Na haƙa rami a bayan murhun banda, na riƙa binne kayan cikin maimakon in watsa wa agwagi inda maƙwabta za su gani. Garin kifi kuma na ci gaba da dakawa ina sayarwa. Ku riƙe wannan.

Ana cikin haka wata yarinya ta zo daga jami'a a Kano, sunanta Bilkisu, da kular ƙanƙara a hannu, wai hanjin kifi take nema don karatunta. Maza suka yi mata dariya a bakin ruwa, suka ce ta je wurin Dije mai banda, ita ce sarauniyar hanji. Yarinya mai ladabi, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Na ce ta dawo jibi, na aika aka sayo mini kifin rafi daga can wajen Doguwa, inda ƙullin Malam bai kai ba, na ba ta hanjinsa a matsayin na Tiga. Bayan mako biyu ta dawo, ta zauna a tabarmata ta nuna mini hotuna a wayarta, waɗanda ta ɗauka da na'urar da ke ƙara girman abu. Ta ce ko a wanda na ba ta ta sami ɓurɓushin roba, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Ta ce roba ba ta ruɓewa kamar ganye, farfashewa take yi, rana da ruwa su yi ta gutsura ta har ta koma kamar gari, kifi ya haɗiya. Ledar ruwan sha, gorar lemo, tsohuwar raga, duk can suke ƙarewa, kuma ba Tiga kaɗai ba, har teku abin ya kai. Na tambaye ta ko yana kisa.

“Inna, ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu ana bincike, ba a gama sanin abin da yake yi wa jikin mutum ba. Amma ba abinci ba ne. Da ina da ɗa, ba zan so ya shiga cikinsa ba.”

Sannan ta ce wani abu ya ɗaure mata kai. Kifin da ta saya da kanta a bakin ruwanmu, zaren da ke cikinsa ko na'ura ba ya buƙata, kuma duk iri ɗaya ne, fari da shuɗi. Ko na san daga ina yake fitowa? Na dube ta ido cikin ido, yarinyar da ta yi sa'ar 'yata Saude, na ce ban sani ba. Ta yi godiya ta tafi, na tashi na kasa cin abincin rana.

Saura wata guda salla, Saude ta kawo mini 'yarta Ummi yaye, kamar yadda aka saba, a bar yaro wurin kakarsa har ya manta da nono. Duk jikokina da garin kifi na yaye su, kowa ya sani. Amma Ummi na dama mata kunun gyaɗa, na dafa mata ƙwai, tulun garin kuwa na tura shi ƙarƙashin gado. Kwana huɗu ba wanda ya lura. Rana ta biyar da hantsi, maƙwabciyarmu Lami ta shigo da ɗanta a baya da ɗan kwanonta a hannu. Malam yana gindin darbejiya yana ɗinkin raga. Na jawo tulun na auna mata. Ta leƙa kofin Ummi ta ce, Yaya Dije, ita amaryar ba a sa mata ba? Na ce ba ta so, amai take yi. Lami ta tsokani Ummi da cewa 'yar birni ce, ta fita tana dariya.

Malam bai ɗago ba sai da ƙarar takalminta ta ɓace. Ya ajiye ragar, ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce tun yaushe Ummi take aman garin kifi, shi bai gani ba. Na ce Malam, ka san dalili. Ya ce bai sani ba, kuma abin da ya sani shi ne matarsa tana nuna wa duniya kifinsa guba ne, tunda ta hana jininta. Ya sunkuya ya ɗebo garin da cokali, ya zuba a kofin yarinyar, ya juya. Ya miƙo mini kofin.

“Ba ta,” in ji shi. “In babu komai a ciki, ba ta a gabana.”

Ummi ta miƙo hannu tana son kofinta. Na fizge ta na saɓa a kafaɗa, kofin ya kife a ƙasa, ta tsala kuka. Muka tsaya muna kallon juna, ni da mutumin da na yi shekara talatin da wani abu ban taɓa ɗaga masa murya ba. Sai ya ce, a hankali ƙwarai:

“To ɗan Lami fa? Shi ba ɗa ba ne?”

Har yau ban san da wace niyya ya faɗa ba. Wataƙila so yake ya nuna mini ni ma hannuna dumu-dumu yake a ciki, don in yi shiru. Wataƙila kuma abin ne ya fito masa daga zuciya bai shirya ba. Ni dai maganar ta shige ni. Na yafa mayafi, da Ummi a kafaɗa, na tafi gidan Lami. Na tarar ta ɗora ruwan kunu. Na ɗauke kwanon daga gefen murhu na ce kada ta ba shi. Ta ce lafiya? Da na so, da na ce garin ya yi tsutsa, a wuce wurin. Bakina ya ƙi. Na faɗa mata duka, har da ramin bayan murhu. Ta dube ni ta ce tun yaushe na sani. Na ce tun bazara. Ta ce, kuma kika yi ta auna mini. Ta juya mini baya.

Kafin la'asar babu gidan da maganar ba ta shiga ba. Washegari Sarkin Ruwa ya aiko a kira mu, ni da Malam. A hanya yana gaba ina baya, bai waiwayo ba ya ce in ce ban sani ba, in ce yarinyar jami'a ce ta rikita ni da hotunan waya. Ya ce abu ɗaya ya taɓa roƙona a duniya, shi ne wannan. Kuma gaskiya ne, bai taɓa roƙona komai ba.

Zauren cike yake da masunta. Tun kafin in zauna na ji inda iskar take kaɗawa: kowa so yake a ɗora wa Bilkisu, a ce 'yan boko ne suke son kashe musu kasuwa, a hana ta sake taka bakin ruwa. Hanyar fita a buɗe take, an ma share mini ita. Sarkin Ruwa, Allah Ya jiƙansa, ya ce Dije, ke ce hannunki yake cikin kifi kullum, abin da ake faɗa gaskiya ne ko zancen mata ne? Na dubi Malam. Ya sa sabuwar rigar da ya ɗinka don salla, ban san dalilin da ya sa ya saka ta ranar ba. Idonsa yana ƙasa. Ina son mutumin nan, ku sani, ban taɓa daina sonsa ba, kuma na san abin da zan yi masa.

Na ce, “Ranka ya daɗe, a kawo karfasa daga jirgin kowa, ba sai na Malam ba. A kawo wuƙa da garwashi.”

Aka kawo guda biyar. Na farke su a kan faifai a gaban kowa, uku suna da shi. Na ɗora zaren a wuta, warin ya cika zauren. Wani dattijo ya ɗauki ragowar ya murza a yatsa, ya ce wannan ai buhun taki ne. Ba wanda ya ambaci sunan mahaifinku, ba a kuma buƙaci a ambata ba. Ya tashi ya sa takalmi ya fita.

Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san wani ba. Sarkin Ruwa ya hana ƙullin, ko da yake wasu sun ci gaba a ɓoye. Masu saye daga Kano suka ji, suka ja baya na wani lokaci, matan banda suka daina amsa gaisuwata. Gashin dusa ya dawo, kowace mace tana gasawa tana tsine mini. Ba wadda ta sake sayen garina, ni ma ban sake dakawa ba. Bayan salla aka kai sunan wani mutum daban wurin hakimi. Tsohon sunan nan na manomin da ya faɗa ruwa ya dawo, wannan karon ba da wasa ba. Malam bai sake ni ba, bai zage ni ba, da ma ya zaga da ya fi mini sauƙi. Ya daina cin abincina, ƙanwarsa ce take aiko masa da kwano. In na gaishe shi ya amsa da ka. Ku maza kuka zo daga Kano kuka faɗa mini abin da kuka faɗa a tsakar gida, ina tuna kowace kalma da bakin da ta fito, kuma na yafe. Bilkisu ta dawo, na gaya mata kifin Doguwa na ba ta. Ta ce ta gode da na faɗa, za ta sake aikin daga farko.

Wata bakwai muna haka. Da rani ya yi, ruwa ya ja baya, sai na ga Malam ya kai ƙarfe wurin maƙeri an yi masa ƙugiya, ya ɗaura a doguwar gora. Bai gaya wa kowa ba. Ya riƙa fita da jirgi yana lalubo buhunan, domin shi kaɗai ya san inda ya nutsar da nasa, ya kuma san inda ya nuna wa wasu su nutsar. Wasu suna fitowa da dutsensu, wasu da an taɓa sai su watse a ruwa, ya bi da rariya yana tacewa. Yana tara su a tudu nesa da ruwa, ya haƙa rami ya binne. Mutane suna tsaye suna kallo, wasu suna cewa ya taɓu. Wata ranar Laraba ya shigo jiƙe sharkaf, ya ajiye karfasa ɗaya a gabana a kan faifai. Ya ce, “Farke.” Wannan ce kalmar farko da ya yi mini. Na farke, ya ce akwai? Na ce akwai. Ya gyaɗa kai, ya zauna, ya jawo kwanon tuwon da na rufe wa kaina ya ci.

Daga ranar abin ya zama mana al'ada. Duk ranar da ya fita, sai ya ware kifi ɗaya daga wurin da ya yi aiki ya kawo mini. Akwai? In ce akwai, ko in ce yau kaɗan ne, wani lokaci in ce wannan babu, sai ya ce gobe ma a duba. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban taɓa ce masa ya yafe mini ba. Shekara shida yana wannan aikin, a cikin ruwa mai sanyi, ga tsufa, ga ledar cikin gari da kowace damina take sake kwararowa daga kwatoci wadda ba shi ya zuba ba. Na sha ce masa ya huta, ba zai iya tace dam da rariya ba. Sai ya ce shi nasa yake nema.

A shekarar ƙarshe idonsa ya dushe, ƙirji ya kama shi, ya daina fita. Kwana uku kafin rasuwarsa, da safe, ya sa aka kira mijin Lami, ya kwatanta masa wurin da ya fara nutsar da buhu, kusa da inda gonar ubansa take a ƙasa, ya roƙe shi ya kamo masa karfasa ɗaya daga nan. Aka kawo kafin azahar. Na zauna a bakin gadonsa da faifai da wuƙa. Ya ce ya tsefe wurin nan sau ba adadi, yana jin ya gama da shi. Na farke. Yana jin ƙarar wuƙar, ya juyo da fuskarsa wajena, idon da ba ya gani yana nema na.

“Dije, akwai?”

Na ce, “Babu, Malam. Tas take.”

Ya sauke numfashi ya ce alhamdu lillahi, ya ce in dafa masa ita da ɗan yaji. Na dafa, ya sha romon cokali uku.

Akwai. Guda biyu ne, shuɗaye, gajeru. Na dunƙule su a tafin hannuna har ya yi barci, sannan na fita na wanke hannu.